Gangar da Muka Cinye a Gidanmu

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a makarantar kwana a Kankia, aka ba ni wani muƙami da ban taɓa jin irinsa a wata makaranta ba: mai kula da ganguna. Ba mai kiɗa ba, ku lura. Ni da ko tafi aka ce a yi sai na duba hagu da dama kafin in haɗa hannuwana. Gudun fareti ne ya kai ni can. In aka fara hagu-dama, hannuna na dama da ƙafata ta dama tare suke tafiya kamar raƙumi, sai layi duka ya karkace don dariya. Malamin da ke kula da 'yan badujala ya gaji da ni, ya ce in fita daga layi in je in share masa ɗakin ajiyar ganguna. Ɗaki ne shiru, babu mai kallona. Na shiga ban ƙara fitowa ba.

Malamin nan mutumin Kudu ne, Kirista, lissafi yake koyarwa. Ya daɗe a Kankia har Hausarsa ta koma ta Katsinawa, sai in ya fusata ne harshen gida ke ɗan leƙowa. Gangunan makaranta duk fuskar roba gare su, ka ɗaure sau ɗaya ka manta. Amma a saman kabad akwai wata naɗe cikin tsohon bargo, tasa ce ta kansa. Ƙaramar gangar fareti ce mai jikin tagulla, fuska biyu duk na fatar maraƙi, da waɗansu siraran igiyoyi kwance a jikin fatar ƙasa, su ke sa ta yin wannan tsirr ɗin in an buga. Ta mahaifinsa ce, wanda ya yi kiɗa a badujalar soja tun kafin a haifi iyayenmu.

Da ya ga ina goge kowane noti ɗaya bayan ɗaya har da tsinke, sai ya sauko da ita ya koya mini ɗaurinta.

"Fata ba roba ba ce," in ji shi. "Maraƙin ya mutu, amma fatar ba ta sani ba. In hadari ya haɗo sai ta saki jiki. In rana ta take sai ta ɗaure fuska. Kai kuma aikinka lallashi."

Notuna ne kewaye da bakinta. Ka sa makulli ka juya ɗaya kaɗan, ka tsallaka ka juya wanda ke fuskantarsa, haka har ka zagaye. Sannan ka riƙa ƙwanƙwasa fatar da yatsa kusa da kowane noti, kana kasa kunne, har sai duk sun yi magana da murya ɗaya. In an gama kiɗa a sassauta mata ta huta. Wannan aiki ya dace da ni kamar an auna. Babu surutu, babu sauri, kuma ganga ba ta taɓa tambayata dalilin da ya sa ba na magana.

A daminar shekarar nan fatar sama ta tsage, don tsufa kawai. Kuma shekarar ce Malam zai yi ritaya ya koma garinsu. Burinsa ɗaya: a faretin ranar 'yancin kai ya rataya gangar mahaifinsa ya ja 'yan makarantarmu da kansa, sau ɗaya, kafin ya tafi. Na ce ko mu sa fatar akuya, tunda ga ta nan ko'ina. Ya dube ni kamar na zagi wani nasa.

"Akuya kuka take yi. Maraƙi magana yake yi."

Matsalar ita ce babu mai yanka maraƙi da lafiyarsa. Malam ya daɗe da yi wa wani mahauci magana, da ƙyar aka samu guda ɗaya. An aske gashinta, an shanya ta bushe ƙamas, an yanke ta zagaye kamar babban faifai. Abin da ya rage a jiƙa ta ta yi laushi, a naɗe bakinta a jikin zoben katako, a bar ta ta bushe a inuwa. Sai aka tsaya neman inda za a yi aikin.

"Gidana ba zai yiwu ba, karena zai cinye ta," in ji Malam. "Ɗakin nan kuma ɓeraye. Ɗakin kwananku, yara za su mai da ita ƙwallo. Kai ta gidanku, Kusada. Gidan malamai ne, babu abin da zai ci ta."

Ya rubuta mini izinin fita na ƙarshen mako. Na karɓi fata da zobe da hannu biyu, na ce in sha Allahu.

Abin da ban faɗa masa ba shi ne, a gidanmu ba a ambaton ganga. Mahaifina malamin zaure ne, manya ke ɗaukar karatu a wurinsa bayan la'asar. Ko mata suka cika yi wa turmi lugude sai a ji gyaran muryarsa daga zaure. Bai san ina da wata alaƙa da ɗakin ganguna ba, ni kuma ban ga ranar da zan iya buɗe baki in yi masa bayanin bambancin mai ɗaurewa da mai bugawa ba. Don haka na yanke shawarar yin aikina a ɓoye, a bayan ɗakin kakata, inda ba ya zuwa.

Kakata, mahaifiyar mahaifina, ita ce kishiyar halina. Haƙoranta sun ƙare amma bakinta bai ƙare ba. Kamar kowace kaka, mijinta take kirana, kuma ƙorafinta ɗaya ne tun ina ƙarami. Ina shiga gida ranar Juma'a da yamma ta fara.

"Ga shi nan, mijin da bai san hanyar kasuwa ba. Mi ka riƙo mani? Littafi ko? Tun da aka ɗaura mamu aure ko ƙullin daddawa ban gani ba. Littafin zan dafa?"

Na yi murmushi na sunkuyar da kai, kamar kullum.

Da safiyar Asabar na ɗauki babban bahonta na cika da ruwa, na nutsa fatar. Sannan na zauna na lissafa maƙiya. Don awaki, na kife turmi na ɗora bahon a kai. Don kaji, na rufe da faifai. Don iska da kyanwa, na danne faifan da dutse. Don tururuwa, na zagaye gindin turmin da toka. Na ja da baya na duba aikina, na ji daɗi ƙwarai. A raina na ce ko Malam da kansa ba zai yi tsarin da ya fi wannan ba.

Ina tsaye sai ga kira daga zaure. Mahaifina ya ce in raka shi ɗaurin aure a garin Ƙofa. Ba a ce masa a'a, balle ni. Na yi wa kaina lissafi cewa ƙarin jiƙo ba zai cuci fata ba, na hau bayan babur.

Ɗaurin aure ya ja, gaishe-gaishe suka ja, ba mu dawo ba sai bayan la'asar. Tun daga ƙofar gida wani ƙamshi ya tarbe mu, na daddawa da citta da barkono. Mahaifina ya shaƙa ya ce, "Ikon Allah, yau kuma mi aka samu?" Ina shiga tsakar gida na ga ƙannena zaune a layi suna lasar yatsu. Mahaifiyata ta dube ni da wani irin murmushi ta ce, "Ashe ka girma." Kafin in tambayi dalili, kakata ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa.

"Maigida ya yi cefane! Jama'a ku shaida, yau mijina ya kawo mani ganda!"

Idona ya tafi bayan ɗakinta. Turmi na tsaye a mazauninsa. Baho an wanke an kife. Faifai na rataye a bango. Toka kuwa an share ta tas.

"Don iyayi har da ɓoyewa," ta ci gaba, "har da danne ta da dutse, wai kada in gani sai ya yi mani ba-zata. Kuma ku ga yadda ya yanko ta, zagaye kamar wata. Sai dai an cuce ka, maigida, ba ta da kauri. In za ka sake saye ka tafi da ni."

A nan ne ya kamata in yi magana. Na buɗe baki, sai mahaifina ya dafa kafaɗata, abin da ban tuna ranar da ya taɓa yi ba.

"Allah ya yi maka albarka. Wanda ya tuna da tsoho, Allah ba ya mantawa da shi. Zo, yau tare za mu ci."

Muka zauna a zaure, kwano ɗaya. Ya ci, ya yi santi, ya aika a ƙaro. Ni ma na ci, don in ban ci ba sai an tambaye ni. Kuma abin da ya fi ba ni haushi har gobe, wallahi ta yi daɗi. Laushi kamar ɓargo. Ina taunawa ina tuna yadda Malam ya miƙo mini ita da hannu biyu.

Da safiyar Lahadi kakata ta same ni zaune a bayan ɗakinta, na sa zoben katako a gaba ina kallo.

"Wannan kuma fa? Rariya za ka haɗa mani? Kai, aure ya fara daɗi."

Ban san yadda aka yi ba, maganar ta fito. Na faɗa mata komai ina kallon ƙasa. Ta dube ni, ta dubi zoben. Sannan ta fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, ta zame ta zauna a ƙasa tana dukan cinya, hawaye na zuba. "Ganga! Na dafa ganga! Shi ya sa cikina ya kwana yana kiɗa!" Sai da ta yi tari na kawo mata ruwa.

Amma da na kai kan cewa gangar ta mahaifin Malam ce, kuma wannan ne faretinsa na ƙarshe, dariyar ta tsaya cak.

"Ta ubanshi ce?"

"Eh, Inna."

"Uban na da rai?"

"Ya daɗe da rasuwa."

Ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce wa ƙanwata, "Kira mani Malam." Haka take kiran mahaifina, ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya zo ya durƙusa, ta zayyana masa. Na zaci faɗa zai fara. Sai na ga ya dafe ciki.

"Tsaya tukuna. Maraƙin, yanka shi aka yi ko mushe ne?"

Na rantse masa daga hannun mahauci ta fito, yankakke ne. Ya sauke ajiyar zuciya, sannan ya tuna da sauran maganar.

"Ganga? Kai ne ke kiɗa a makarantar?"

"A'a Baba, ɗaurewa kawai nake yi."

"Da mai riƙe ƙaho da mai tatsa, ai duk nono ne ya tara su."

"Malam," in ji kakata, "bar wannan karatun. Jiya kwano nawa ka ci?"

"Inna..."

"Har da ƙari, ina gani. Amanar bawan Allah tana cikin cikinka, tana cikin nawa. Wanda duk ya ci gangar nan sai ya nemo fata. Ni ƙafafuna sun gaji, kai ke da babur."

Ya miƙe ya koma zaure. Ita kuma ta ɗumama ragowar, ta zuba a ƙaramin kwano mai murfi, ta ɗaure da tsumma ta miƙo mini. "Ka kai mashi rabonshi. Ai shi ke da nama."

Duk hanyar Kusada zuwa Kankia ina tsara jawabi a kaina, gabatarwa da dalilai da neman gafara. Na isa gidan Malam da yamma, yana zaune a baranda bai cire kayan coci ba. Karen nan da aka guje wa ya taso yana shinshina kwanon yana kaɗa wutsiya. Jawabina duka ya gudu. Na durƙusa na ajiye zoben katako, na ajiye kwano kusa da shi.

Malam ya buɗe murfi, ya leƙa. "Mene ne wannan?"

"Gangar ce, Malam."

Ya dubi kwano, ya dubi zobe, ya dube ni. Da ƙyar na haɗa sauran bayanin. Har na fara fatan ya ɗauko bulala a wuce wurin. Can ya ce, a hankali, kamar mai duba inda lissafi ya kuskure:

"Na yi tunanin kare. Na yi tunanin ɓera. Ban yi tunanin kaka ba."

Ya sa yatsu ya ɗauki yanka ɗaya ya kai baki. Ya tauna. Na ga idonsa ya kawo ruwa, kuma har yau ban sani ba ko barkono ne.

"Ka ce mata hannunta na da kyau," ya ce. Ya ɗauki zoben ya shiga ciki.

Wannan ya fi mini bulala ciwo.

Abin da ya faru a makon nan daga baya na ji shi a bakin mahaifiyata. Mahaifina, wanda lugude ke hana shi sukuni, ya bi Ƙofa, ya bi Kafinsoli, ya bi Kunduru, yana tambayar wanda ya yanka maraƙi. Ko'ina sai a kawo masa fatar akuya ko ta rago, a ce, "Malam, buzu za a yi?" Shi kuma ya ce, "Aikin makaranta ne," ya ja babur. Daga ƙarshe a wata ruga bayan Kunduru ya samu. Maraƙi ne ya faɗa rami ya karye aka yanka shi, fatar na shanye.

Da kansa ya kawo ta makaranta cikin buhu. Na tsaya daga gefe ina kallonsu shi da Malam. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka tambayi damina, suka yi maganar tsadar taki. Babu wanda ya ambaci ganga. Da zai tafi mahaifina ya nuna buhun da haɓa.

"Ga abin nan."

"Na ga abin. Allah ya saka."

Lokaci ya ƙure. Wanzami ya aske mana gashin. Na jiƙa ta, wannan karon ina zaune a gefen bahon da littafi a hannu, ko fitsari ban tashi ba. Na naɗe bakinta a zobe da bayan cokali, a hankali, ba tare da ta tattare ba. Muka ɗora ta a kan gangar muka bar ta a inuwa. Sai ana gobe fareti aka wuni ana ruwa.

Da safe a filin fareti Malam ya buga mata sanda. Ta ce buf, kamar an doki buhun dusa. Abokina, shugaban 'yan badujala, ya kama kai.

"Ɗaure ta mana! Ba ni makullin in ba za ka iya ba!"

"A'a," na ce. Da ƙarfi ta fito, har waɗanda ke kusa suka waiwayo, don da yawansu ba su san muryata ba. Fatar ba ta gama bushewa ba. In aka ɗaure ta yanzu har ta yi amo, da rana ta fito za ta ƙara jan kanta ta tsage, kuma ba ni da wata kakar da za ta sake tura mahaifina Kunduru. Na dubi Malam. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kai ne mai makulli."

Na kai ta inda rana ta fara taɓawa, ina juya ta kamar mai gasa masara, ina ƙwanƙwasawa ina saurare. Lokaci kawai nake buƙata, kuma Allah ya kawo shi ta inda aka saba: babban baƙo ya makara. 'Yan makaranta na tsaye suna narkewa, malamai na tsaki suna duba agogo, ni kaɗai a filin nan nake addu'ar Allah ya ƙara riƙe shi a hanya. Buf ta koma bum. Bum ta koma tam. Da aka ji jiniya daga nesa, na zagaya notunan da yatsa, ɗaya ne kawai muryarsa ta yi ƙasa. Na ɗan taɓa shi da makulli, na miƙa wa Malam.

Ya rataya ta, ya gyara tsayuwa, ya saki sanduna. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Sauran gangunan ƙara suke yi, ita kuwa magana. Dattijon da muka saba gani da alli a hannu ya miƙe ƙyam, ya ja layi ya wuce gaban rumfa, bai dubi kowa ba. Leɓensa na motsi. Ina jin da wani yake magana wanda ba ya filin.

Kafin ya bar Kankia ya ce sai ya ga matar da ta cinye masa ganga. Muka je Kusada tare, gangar cikin bargonta. Mahaifina ya tarbe shi a zaure, sannan ya tuna yana da wani uzuri a bayan gari. Kakata ta shimfiɗa tabarma, suka gaisa kamar tsofaffin abokai. Ya buɗe bargo ya ɗan kaɗa mata a hankali. Ta kasa kunne, ta gyaɗa kai. Sai ta miƙa hannu ta mintsini fatar da farce.

"Wannan ta fi waccan kauri," ta ce. "Sai dai a kwana ana dafawa."

Malam ya janye gangarsa ya rungume.

Yanzu duk sun wuce. Kakata Allah ya yi mata rasuwa, Malam kuma tun da ya koma garinsu labari ya yanke. In na tuna, dariya nake yi, amma akwai abin da ya zauna mini. Na kare fatar nan daga akuya da kaza da kyanwa da tururuwa, ban bar ƙofa ko ɗaya ba, sai wadda kalma ɗaya za ta rufe. Da na ce, "Inna, kada ki taɓa bahon nan," shi ke nan. Na ɗauka shiru shi ne tsaro, ashe shi ne ramin. Har yanzu ba ni da yawan magana, amma in na ajiye abu mai muhimmanci, nakan gaya wa mutanen gida kafin in nemi dutsen dannewa.

Abu ɗaya ne ban taɓa gyarawa ba. Har ta bar duniya, in ana zancen mazan da ba sa cefane, kakata takan ce, "Ban da nawa. Sau ɗaya ya yi, amma har hukuma sai da ta ji amonsa." Ban taɓa musa mata ba.